Hanyar Keke a Gefen Dutse: Ruwa Ake Fara Yi wa Hanya

Hanyar keke da aka sassaƙa a gefen dutse ba taya ke kashe ta ba, ruwa ne. Wannan ne babban abin da aikin nan ya koya mini, kuma shi ne ya fi wuyar shiga kan samarin da suka fito gayya da diga da shebur suna ɗokin ganin hanya ta miƙe. A watan Disamba za ka ga hanya sumul, yara na tsere a kai. Ka dawo ƙarshen Agusta, sai ka tarar da kwazazzabo mai zurfin gwiwa a tsakiyarta, yashi da tsakuwa sun binne geron mutumin da ke ƙasa, shi kuma yana jiran wanda zai zo ya ba shi haƙuri.

Yanzu kekunan gwanjo masu giya da kaurin taya sun yawaita a kasuwanninmu, kuma Allah ya hore mana wuraren hawa: duwatsun da suka kewaye garin Dutse, na Birnin Kudu, tuddan Kazaure da Roni, na Rano, da manyan duwatsun Riruwai a kudancin Kano. Wasan hawa dutse da keke kansa a Amurka ya samo asali, cikin shekarun 1970, lokacin da wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka riƙa gangarowa daga dutse a kan tsofaffin kekuna. A 1988 aka kafa ƙungiyar IMBA a can, wato ƙungiyar masu wannan wasa ta ƙasa da ƙasa, kuma ƙa'idojin gina hanya da ta tattara su ne masu aikin sa kai ke bi a ƙasashe da dama. Suna aiki a nan ma, sai dai ruwanmu ba irin nasu ba ne. Namu kusan wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, yana sauka da ƙarfi a kan ƙasar da ta daɗe a bushe, ba ciyawar da za ta tare shi. Don haka duk ma'aunin da suka bayar, mu ƙara tsanantawa muke yi.

Kafin diga ta taɓa ƙasa, a je wa mai unguwa da dagaci, a ce ranka ya daɗe ga abin da muke son yi, sannan a bi masu gonaki ɗaya bayan ɗaya. Kada a manta da arɗo, domin hanyar da ta ratsa burtali ba tare da saninsa ba, ba za ta yi ƙarko ba. A nisanci makabarta da kan iyakar gona. A Birnin Kudu akwai duwatsu masu zanen mutanen da, ba wurin hawa ba ne, haka dajin Falgore sai da izinin hukuma. Wannan yawon gaisuwa yana da wata riba da ba a cika lura da ita ba: dattijon da ya shekara arba'in yana noma a gindin dutsen nan ya san ta ina ruwa ke ɓullowa, ya fi kowane ma'auni sani. A roƙe shi ya taka ya nuna.

Lokacin duba wuri kuwa Agusta ne, ana cikin ruwa ko ya ɗauke ke nan. A ranar ce dutse ke nuna magudanansa. A sa alama da fenti a jikin duwatsu, saboda fegi yara na cirewa, tsumma kuma akuya na ci.

Awo ba ya bukatar na'ura mai tsada. Igiya mai tsawon mita 10, sanduna biyu, tef, da siririn tiyon nan mai ruwa da magina ke daidaita gini da shi sun isa. Mutum biyu su miƙe igiya daidai, a auna tazarar da ƙasa ta sauka a ƙarshenta. In ta sauka mita 1, gangaren kashi 10 cikin 100 ne. Ana auna abu biyu: gangaren dutsen kansa, wato inda ruwa zai bi in an zuba shi, da gangaren hanyar da ake son yi. Ƙa'ida ita ce na hanya kada ya wuce rabin na dutse. In dutse yana sauka mita 2 a cikin 10, hanya kada ta wuce mita 1. Dalili a fili yake: muddin hanya ta fi haka tsayuwa, ruwan da ya gangaro ya same ta ba zai tsallaka ba, zai juya ya bi ta. A jimlace hanya kada ta wuce kashi 10, guntun wuri mai ƙasa mai ƙarfi zai iya kai 15. A jigawa mai yashi kuwa ko kashi 5 ya isa, domin yashi ba ya riƙe kansa.

Nan ne gardama ke tashi a kowace gayya. Turbar da masu itace da awaki suka riga suka buɗe tana hawa tsaye, gajera ce, kuma rabin aikinta an gama. Kowa sai ya ce a faɗaɗa ta kawai. Kada a yarda. Turbar da ta bi hanyar ruwa rafi ce da ke jiran damina, duk dutsen da aka zuba mata sai ta tafi da shi. Gara hanya mai mita 600 da ta kewaya da mai mita 200 da ta miƙe.

Wajen sara, faɗin santimita 60 zuwa 90 ya wadatar. A fara kankare ƙasar sama mai ganye da saiwa, a watsa ta can ƙasa, nesa. Sannan a sassaƙa faɗin hanyar gaba ɗaya a cikin jikin tudun, taya ta taka ƙasar asali. Masu gaggawa sukan sari rabi su cike rabi da ƙasar da suka tono. Ranar aiki yana da kyau a ido, amma cikon nan ruwan farko zai zame da shi, hanya ta koma rabinta. Bangon da ke sama kuma kada a bar shi tsaye kamar na rijiya, a kwantar da shi har ya haɗu da tudu, in ba haka ba zai rufto.

Doron hanyar sai ya ɗan karkata waje, kashi 5 cikin 100. A hanya mai faɗin santimita 60, bakin waje ya fi na ciki sauka da santimita 3, kimanin yatsu biyu. Mai keke ba zai ji ba, ruwa kuwa zai ji. In ana shakka a zuba ruwan buta ɗaya a gani: in ya tsallaka ya sauka, an dace, in ya bi hanya, a ƙara sassaƙa. Kuskuren da ya fi yawa, kuma cikin kyakkyawar niyya ake yin sa, shi ne jera duwatsu a bakin hanya don ado, wani lokacin har da farar ƙasa. Wannan kwata aka gina. Ruwan da ya shigo ba shi da mafita, sai ya taru ya yi gudu yana ci.

Karkatawa ita kaɗai ba ta isa, saboda tafiya tana lotsa tsakiyar hanya sannu a hankali. Shi ya sa ake sa hanya ta riƙa ɗan dukawa tana tasowa kowane mita 6 zuwa 15, ko da hawa take yi. Kowane lotsi mafitar ruwa ne, ya raba doguwar gangara zuwa guntaye, ruwa ba zai samu zangon da zai yi ƙarfi ba. Masu keke ma sun fi jin daɗin irinta. A tsohuwar hanya da ba a yi mata haka ba, sai a yanke mafita mai siffar rabin faifai, faɗinta kamar mita 3, a karkata ta waje sosai. Ƙaramar kwata mai faɗin shebur ba ta amfani, ruwa biyu za su cike ta da yashi. Gicciya itace a kan hanya don tare ruwa ma ba dabara ba ce: mai keke zai kauce masa ya faɗaɗa hanya, gara kuma ta gama da shi kafin shekara.

Ƙasa ma sai an san halinta. A damƙi mai ɗanshi a tafin hannu. In ta watse, yashi ya yi yawa. In ta dunƙule tana sheƙi tana liƙe wa yatsu, laka ce, da damina santsi, da rani tsagewa. Wadda ake so ita ce ta dunƙule amma in an matsa da babban yatsa ta fashe. Inda ba a samu ba, marmara ce magani: a zuba kaurin santimita 10, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara wani. Wanda ya zuba santimita 30 lokaci guda, sama kawai zai daɓu. Busasshiyar ƙasa kuwa ba ta daɓuwa ko da an kwana ana duka, shi ya sa mafi kyawun lokacin sara shi ne Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa na da sauran ɗanshi, mutane sun fara samun sarari bayan girbin gero. Wanda ya bari sai Maris zai sha rana, ya sari ƙura, ya kuma sayi ruwa a jarka.

Inda hanya ta tsallaka ƙorama, shimfiɗar dutse ta fi kwalbati, don ƙaramin kwalbati kara da leda ke toshe shi, ruwa ya bi ta sama ya yanke hanya. A fara daga ƙasa da babban dutse wanda sai mutum biyu ko uku za su iya juyawa, a binne kashi biyu cikin ukunsa, sauran su jingina da shi ana hawa sama, a cusa tsakuwa a tsakaninsu. A hau kowane dutse a yi tsalle. In ya motsa a tone a sake. In ba makawa sai an yi gada ta itace, azarar giginya ce ke jure gara. Bakin mafitar ruwa kuma a dasa jema ko gamba, saiwarsu na riƙe ƙasa, kuma mai gonar ƙasa zai ga an kula da shi.

A kwanar hanya, a nemi wuri mai ɗan shimfiɗa, a ba ta faɗi, a yi mafitar ruwa kafin shigarta da bayan fitarta. Tsakiyar lanƙwasar a bar dutse ko kurmi, in babu a kawo, saboda in ido ya hango hanyar ƙasa ƙafa za ta yanke.

Ƙaya kuma tamu ce, littattafan waje ba su san zafinta ba. A share mita 1 kowane gefe, sama kuma mita 2 da rabi. Reshen aduwa, magarya, bagaruwa da farar ƙaya da aka sare kada a bar shi a gefe, a ja shi nesa, iskar hunturu tana dawo da shi. Kututture a tone shi da saiwa, wanda aka yanke a sama shi ke kama feda. Tsidau a tuge shi da damina tun bai yi 'ya'ya ba. Hanyar da ke tura yaro wurin mai faci kullum, zai daina bin ta.

Game da gayya, taron mutum hamsin ba shugaba ɓarna yake yi. Rukuni na biyar ko shida ya fi, kowanne da mutum ɗaya da ya fahimci awo: diga biyu a gaba, shebur ko fartanya biyu, manjagara ɗaya, madaɓi ɗaya a baya. Tsakanin masu diga a bar mita 3. A fara bayan sallar asuba a tashi kafin azahar, a kauce wa ranar kasuwa, a tanadi ruwan sha aƙalla lita 3 ga kowa, da kunu ko fura. Dutse da sanda ake fara juya shi, kuma a ɗaga shi ta gefen da ba ya fuskantar mutum, don kunama da kububuwa a nan suke fakewa. Takalmin roba mai rufi ya fi silifa. A ƙirga kayan aiki da safe, a ƙirga da tashi, mafi yawansu aro ne, kuma wanda digarsa ta ɓata ba zai sake bayarwa ba.

Hanya mai kyau ba ta zama ta masu wasa su kaɗai. 'Yan makaranta za su bi, masu tallan nono za su bi, kuma hakan alheri ne, su ne za su fara kawo labari in wani wuri ya lalace. Babur da amalanke ne matsala, musamman da damina. Allon gargaɗi ba ya hana su. A bakin shiga a kafa manyan duwatsu biyu da tazarar da keke zai wuce amalanke ba za ta wuce ba, batun babur kuma a bar shi a bakin mai unguwa. Masu keke su ma su haƙura kwana ɗaya bayan ruwa mai yawa, sawun taya a laka shi ne farkon kwazazzabo.

Ranar buɗe hanya kowa na nan. Ranar yashe mafitar ruwa ce ake neman mutane. Don haka kada a gina abin da ya fi ƙarfin masu gyara: kilomita 1 da ake kula da ita ta fi 5 da aka watsar. A raba hanyar gida gida, kowane mutum biyu da mita 200 nasu, sarkin samari ya riƙe sunaye. A watan Mayu a yashe duk mafita kafin ruwan farko. Cikin damina, bayan kowane ruwa mai ƙarfi, mutum ɗaya da fartanya ya zaga. A Oktoba a kankare tudun ƙasar da ya taru a bakin waje, a mayar da karkatar nan ta yatsu biyu. Inda aka ga siririn layi kamar sawun maciji a tsakiyar hanya, ba nan ake zuba ƙasa ba. A bi layin a hau sama har inda ruwan ya shigo, a buɗe masa mafita a can, sannan a dawo a cike.