Kafin ka kai motarka wurin mai walda

Kwanan baya wasu samari biyu suka same ni a gareji nan Daura, ina jiran a canja min baƙin mai. Ɗayansu ya miƙo min waya. Hoton wata Land Cruiser ce ta Turawa, an ɗaga ta sama, tayoyi kamar na tarakta, ga tanti a kan rufi. Ya ce, "Yaya, an ce ka taɓa haɗa irin wannan, nawa za ta ci?" Na ce masa ya bari in rubuta, domin zancen ya fi ƙarfin tsayuwar gareji.

Tawa tsohuwar Hilux ce mai shan gas, injin 3L mai lita 2.8, wadda gabanta da bayanta duk sifirin ne. Gwanjo na saye ta, kafin rufe bodar 2019. Burina in tashi daga Daura in bi ta Kongolam, in ratsa Matamaye da Damagaram da Tanut, in je in ga hasumiyar masallacin Agadas da idona, ginin ƙasa mai tsawon mita 27 da kakana bafatake yake ba mu labarinsa muna yara. Motar yadda na saye ta ta isa wannan tafiya. Ni ne na ga ba ta isa ba, saboda ba ta yi kama da irin waɗanda ake gani a hoto ba.

Wurin mai walda na fara kai ta. Ban buɗe lagireto ba, ban tambayi yaushe rabon da a canja bel ɗin tayimin ba, alhali injin irin wannan kowace kilomita 100,000 ake canja masa. Na sa aka ƙera min bamba ta gaba da bututun ƙarfe mai kauri, aka jera mata fitilu huɗu, aka ɗaura injin ja mai waya. Aka yi kariya, wato ƙarfen ɗaura kaya, a sama tun daga kan direba har ƙarshen bodi. Bakanikena, dattijo ne da ya girmi mahaifina, ya zagaya motar sau biyu bai ce komai ba, sai da zai koma ƙarƙashin wata Peugeot ya ce, "Ɗana, jakin ka ƙara wa ƙarfi ko mangalar?" Na yi dariya. A raina na ce tsoho bai san zamani ba.

Ku riƙe wannan: duk abin da aka liƙa wa mota, daga cikin kayan da za ta iya ɗauka ake cire shi. Hilux irin tawa abin da aka yarje mata bai wuce kusan tan ɗaya ba, kuma har da mutanen da ke ciki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka shida masu lita 25 kilo 150 ke nan. Gas ya ɗan fi ruwa sauƙi, amma lita 100 ta haura kilo 80. Mu huɗu ne, ba kuma ƙananan mutane ba. Ga safaya biyu, ga buhun shinkafa, ga tukunyar gas, ga akwatin sifanu, ga janareta da har yau ban san dalilin ɗaukarsa ba. Ban taɓa zama da biro na tara waɗannan ba. Mafi muni, jarkokin nan duk a kan kariya na jera su, don a can suka fi kyan gani. Nauyi idan ya hau sama, mota takan riƙa layi a kwana kamar raƙumin da aka yi wa lodi gefe guda, kuma idan ta karkata a gangare ba ta shawara da kowa kafin ta kwanta. Ruwa da mai da ƙarfe wurinsu ƙasan bodi, dab da bayan kujeru, a ɗaure tamau. Sama ta tabarma ce da bargo da gidan sauro.

Sai tayoyi. Na cire nata na asali, waɗanda tsayinsu ya kai inci 29, na sa masu inci 33, faffaɗa, masu manyan haƙora irin na taɓo. Don su samu wurin juyawa aka ɗaga motar, aka yanke gefen bodi. A cikin gari kowa sai ya waiwayo, yara suna bin mu da gudu a wajen Kusugu. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne, taya idan ta ƙara girma da kashi 14 cikin 100, ƙarfin da ke isa ƙasa yakan ragu da kwatankwacin haka. Injin da dama can ba gwanin gudu ba ne ya koma nishi. Giya ta biyar ta zama ado, kuloci ya fara wari a hawa, birki ya ƙara nisa kafin ya kama. Mita ma ta koma yi min ƙarya, in ta ce mun yi kilomita 100, mun yi 114. Haƙoran nan kuma da na biya kuɗi mai yawa a kansu, a taɓon damina suke aiki. A rairayi haƙa suke yi.

Mun kwana Damagaram lafiya. Washegari da hantsi, a hanyar Tanut, muka sauka daga babbar hanya za mu gai da dangin ɗaya daga cikinmu a wani ƙauye. Ba mu yi nisa ba muka shiga wani kwari mai laushin yashi, mota ta fara jan ƙafa. Na tura ƙaramar giyar nan da direbobi ke kira ogzilari, na take totur har ƙasa. Ta yi kuka, ta watsa yashi sama, ta zauna a kan cikinta. Muka sauko da wayar injin ja, muka duba gabas muka duba yamma, babu itacen da ya kai kaurin cinya, sai tumfafiya da ƙananan ƙaya. Injin ja in babu abin da za a ɗaura masa, kaya ne kawai. Daga baya na koyi cewa ana iya binne safaya a rami mai zurfi a ɗaura a jikinta, amma ranar ko shebur ba mu da shi. Muna da fitilu huɗu a tsakar rana. Da murfin tukunya muka riƙa tono, karangiya ta cika mana wanduna.

Bayan azahar wata Land Cruiser ta ɓullo, fenti duk ya koɗe, tayoyinta sirara, lodin buhuna da mutane a kai. Direban Buzu ne, tsoho, ya sauko yana gyara rawani. Muka gaisa, na ce, "Baba, mun kafe tun hantsi." Bai kalli bambar ba, bai kalli fitilun ba. Ya durƙusa gaban tayar gaba ya taɓa wani ɗan murfi a tsakiyarta, ya ɗago ya dube ni. Makullin tayoyin gaba ne. Tsofaffin motocin nan sai ka sauka ka murɗa shi da hannu, dama da hagu, sannan ƙarfin inji yake kaiwa gaba. Ni kuwa tun safe da tayoyin baya kaɗai nake haƙa wa kaina kabari. Ya murɗa su. Ya karyo ƙayar aduwa, ya danna bakin bawul, iska ta riƙa fita yana kallon gefen tayar har ta yi tumbi. Haka ya bi su huɗu. Ya sa aka sauke jarkokin nan ƙasa, yaransa suka share gaban tayoyi da shebur. Ya ce, "Yaro, sa ta biyu, ka taka kamar kana tsoron tada mai barci." Motar ta fito kamar ba ita ba.

Abin da ya yi da ƙaya, ku yi shi da geji, wato ma'aunin iskar taya. A kwalta ina tafiya da iska 35 zuwa 40. A rairayi akan sauke ta zuwa wajen 18 ko 20, sawun taya ya ƙara tsawo, mota ta hau kan yashi maimakon ta nutse. Amma taya mai ƙarancin iska ba ta son gudu, ba ta son kwana mai kaifi, tana iya zamewa daga kan rim. Da an koma kan hanya mai tauri sai a mayar da iskar, in ba haka ba ta yi zafi ta fashe. Ke nan famfon iska mai aiki da batir, da geji, da shebur, da faranti biyu na ƙarfe ko katako da za a shimfiɗa a gaban taya, da igiyar ja mai ƙarfi, sun fi duk abin da na kai wa mai walda amfani, kuma kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na bambar ba. Igiyar kuma a ƙugiyar da ke jikin shasi ake ɗaura ta. In aka ɗaura a bamba, bambar ce za ta taso ta nufi gilashin wanda ke jan ka. In kun hau kwalta, ku fitar da mota daga giyar taya huɗu, domin tsofaffin nan ba su da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, ƙarafan ciki ne za su yi ta murɗa juna.

Ba mu kai Agadas ba. Wahalar da na ba injin a cikin yashi, ga fitilu da bamba sun tare iskar da ke shiga lagireto, ga lagireton kansa rabinsa a toshe da tsatsar shekaru, allurar zafin inji ta haye ja kafin Tanut. Gasket ya ƙone. Kwana uku muka yi ana gyara, kuma nan na ga wani kuskuren: da tayata ɗaya ta yage, babu mai facin da ke da irinta ko ta hannu, alhali sirarar taya mai lamba 7.50 a rim 16 ko'ina ka tambaya akwai. Duk abin da za ka sa wa motar tafiya, ka tambayi kanka ko bakaniken ƙauye zai gane shi, ko za a samu madadinsa ranar kasuwa. Shi ya sa direbobin arewa ba sa rabuwa da Land Cruiser mai injin 1HZ, lita 4.2, babu turbo, babu kwamfuta. Ba ta da sauri, amma kowane gari akwai wanda ya san cikinta.

Da zan sake daga farko, wata uku zan yi ban sayi abin da ido ke gani ba. Lagireto, famfon ruwa, robobin ruwa, bel, kuloci, boris na tayoyi, birki, shokozoba, sifirin da ya gaji. Matatar iska guda biyu a ajiye, don ƙurar hunturu kan toshe ta cikin 'yan kwanaki, da matatar gas, don man jarka na gefen hanya ba ya rasa datti ko ruwa. Sannan in yi lodin da zan yi tafiya da shi, in fita bayan an gama girbi, in nemi hanyoyin yashi na wajen Baure da Zango da Mai'aduwa, in kafe da gangan inda in abin ya gagara ɗan acaɓa zai kawo min bakanike kafin la'asar. Wanda bai taɓa fitar da motarsa daga yashi kusa da gida ba, kada ya tsallaka boda da ita.

Takardu kuwa, in ka canja inji ko fenti, ka gyara su kafin ka isa Kongolam, domin lambar inji da ta shasi ake dubawa. Ka kuma tambayi direbobin da suka dawo a makon, ban da wanda ya je bara. An rufe boda a watan Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka fara buɗewa, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kuma sha'anin tsaro yakan sauya hanya cikin dare ɗaya. Kada mota ɗaya ta shiga daji ita kaɗai, kada a yi tafiyar dare.

Da muka dawo Daura na mayar da tayoyin asali, na sa aka kwance kariyar da bambar. Bakanikena bai ce min komai ba, shi ya riƙe sifana ma. Na kira masu sayen gwangwan suka ɗora su a sikeli, kilo 143 su biyun. Ranar na fara sanin nauyinsu.