Ruwan darbejiya ne ya cinye min jarina na farko

Ƙannena masu turo min saƙo kullum wai Anti ki koya mana haɗin man shafawa mu ma mu riƙa zuwa baje koli, to ku zauna ku ji yadda na faro, don wallahi da hawaye na faro.

Gidanmu can ƙauye kakata ita ce likitar fata. Yaro ya fito da ƙuraje ko makero, ta aike mu mu tsinko ganyen darbejiya, ta tafasa a yi masa wanka, ta lakato man kaɗe ta shafa masa, kwana uku ka ga abin ya lafa. Ni kuma da na tashi yin sana'a sai wayo ya ce min ai sai in haɗe biyun a roba ɗaya in sayar. Na tafasa darbejiya na tace ruwan, na narka man kaɗe mudu guda na zuba ruwan a ciki na yi ta bugawa har ya yi fari tas ya yi laushi, ni kaina sai da na yaba. Roba 60 na cika, na kai wata baje koli a Kano, na sayar da fiye da rabi ina ta murna.

Kwana goma ba su cika ba waya ta fara ruri. Wannan ta ce man ya yi baƙi-baƙi a sama, waccan ta ce warinsa ya canza kamar tsamin kunun jiya. Na buɗe ragowar da ke ɗaki na tarar da funfuna ta rufe su duka. Abin da ban gane ba a lokacin, kakata tana tafasa ganyen ne a yi amfani da shi a ranar, ba ta taɓa ajiye ruwan ganye ya yi sati ba. Mai zalla yana iya yin watanni lafiya lau, amma duk inda ruwa ya shiga to ƙwayoyin cuta da funfuna sun samu gida, ga zafin ƙasarmu, ga yatsa da ake tsomawa safe da yamma. Kamfanoni da kuke gani suna haɗa ruwa da mai akwai sinadarin hana lalacewa da suke awo su zuba. In ba ku koyi wannan ba ku bar ruwa gaba ɗaya. Yanzu ni ganye a inuwa nake shanya shi ya bushe ƙarau har yana karyewa a hannu, in jiƙa shi cikin man riɗi ko man aduwa ya yi sati uku zuwa huɗu, in tace da ƙyalle mai tsabta, shi nake haɗawa da man kaɗen. Cokali ma in da danshi ba ya shiga tukunyata.

Wanda ya fi min ciwo kuwa na lemun tsami ne. Na ga ana ta yayi wai yana goge tabo, na matsa a wani haɗin kurkum da zuma na fuska, ban gwada a jikina ba na sayar wa wata baiwar Allah da ke shirin biki. Ta shafa ta fita rana, fatar ta ƙone ta yi tabo mai duhu a kunci. Ruwan lemun tsami in ya zauna a fata rana ta doke shi haka yake yi, daga baya na sani. Na mayar mata da kuɗinta, na je har gida na ba da haƙuri, ta ce ba komai, amma yadda mahaifiyarta ta kalle ni har yau yana raina. Tun daga ranar duk sabon haɗi sai na shafa a cikin damtsena ya kwana biyu, kuma a rumfa ina faɗa wa kowa ta gwada ɗan kaɗan tukun. Masu zuwa suna tambayar wanda zai sa su yi fari kuwa, ina ce musu ba ni da shi, Hajiya ki duba gaba.

Shiga daji ma akwai nasa. Da a bakin titi da gefen gonaki nake tsinka don ya fi kusa, ban yi tunanin hayaƙin mota da maganin feshin da manoma ke watsawa ba. Na taɓa karya tumfafiya farin ruwan nan nata ya taɓa min ido, ranar na san Allah ɗaya ne. Ku samu tsohuwa ko maharbi da ya san dajin ku bi shi, hoton waya ba ya koya wa mutum ganye. Kuma don Allah kar ku saɓule ɓawon itace ku zagaye shi duka, kashe bishiyar kenan. Ƙwarar kaɗanya ba a kaɗo ta, da damina take faɗowa da kanta a tsinta, kuma bishiyar tana shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma a sare ta a yi gawayi rana ɗaya. Bishiyar da ke cikin gonar mutum kuma tana da mai ita, a yi sallama a tambaya.

Ranar kasuwa ku nemi rumfa mai inuwa, man kaɗe a zafin Maris ko Afrilu narkewa yake ya bi murfi ya jiƙa takarda, in ya sake daskarewa ya yi tsaki-tsaki, ni a kula nake ajiye nawa in fito da roba biyu kawai na gwaji. Ku rubuta abin da ke ciki da ranar haɗi a jikin kowace roba, in sana'ar ta fara girma ku nemi rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, don manyan shaguna sai da lambarta suke karɓa. Kuɗin rumfa da na mota da na roba duk ku sa a lissafi, ni fitata uku ta farko na ɗauka riba nake ci, da na zauna da biro na tarar kuɗin adaidaita ma daga aljihun maigida ya fito.