Zaman da aka hana kowa ba da shawara

Duk wanda ya yi aiki da ƙungiyar manoma a jihar Kebbi ya san yadda ake horar da shugabanni. A kira su Birnin Kebbi, a zaunar da su a zauren otal mai sanyi, wani ya zo da kwamfuta ya haska rubutu a bango, a ci shinkafa da kaza, a raba takardar shaida da kuɗin mota. Kowa ya koma garinsu ya rataye takardar a zaure. Ban raina wannan ba, ana ƙaruwa, musamman wajen rubuta lissafi da sanin ƙa'idar zuba taki. Amma ni da ke riƙe da sakatariyar wata haɗakar ƙungiyoyin manoman shinkafa a ƙasar Argungu, na daɗe da lura cewa abin da ke hana shugabannin rassanmu barci ba shi ake koyarwa a irin waɗannan tarurruka ba.

Abin ya ta'azzara bayan 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Mai noman rani a fadamar gulbin Rima da fetur yake noma, domin in injin ban ruwa ya yi shiru, shinkafa ma ta yi. Ga shi wasu ba su gama miƙewa daga ambaliyar 2020 ba. Haɗakarmu tana ba mambobi iri da taki bashi, su biya da shanshera bayan girbi, kuma a kakar da ta biyo baya biyan ya yi ƙasa sosai. Taron shugabanni ya koma wurin kai ƙara: kowa ya faɗi laifin mutanensa, shugaba ya yi faɗa, a yi addu'a a watse.

Wata 'yar'uwa da ta taɓa aiki da masu ayyukan raya karkara ce ta nuna mini hanyar koyo a bakin aiki. Wanda ya assasa ta wani Baturen Ingila ne, Reg Revans, wanda ya rasu a 2003. Masanin kimiyya ne tun farko, a jami'ar Cambridge, inda ya ga manyan masana suna zama suna baje wa juna abin da ya shige musu duhu maimakon abin da suka gwanance a kai. Bayan yaƙin duniya na biyu ya yi aiki da hukumar haƙar kwal ta ƙasarsu, sai ya riƙa haɗa manajojin ramukan kwal ƙungiya-ƙungiya, suna ziyartar juna suna yi wa juna tambayoyi kan matsalolin da ke gabansu, ba tare da an ɗauko musu gwani daga waje ba. Daga baya ya kai hanyar asibitocin Landan a shekarun 1960, sannan ƙasar Beljiyam. Ra'ayinsa shi ne koyo yana da ƙafa biyu: ilimin da aka riga aka tattara a littafi, da kuma tambayar da ke buɗe ido. Ya kuma bambanta abu biyu. Akwai abin da amsarsa tana nan, kai ne dai ba ka sani ba, wannan sai ka nemi masani. Akwai kuma matsalar da ba ta da amsa guda, wadda masu hankali biyu za su iya saɓawa a kanta kuma kowa da hujjarsa. Ta biyun ce ake zama dominta.

Tsarin ba shi da wuyar faɗa. Mutum 6 zuwa 8, kowa da matsalar da ke wuyansa shi kansa kuma yake da ikon taɓa ta. A ba kowa kamar minti 40. Ya yi bayani a taƙaice, sauran su yi masa tambayoyi kawai, babu shawara, babu "ai mu ma a garinmu". A ƙarshe ya faɗi da bakinsa abin da zai je ya aikata kafin zama na gaba, a rubuta. In an dawo, da wannan rubutun ake farawa. Abin da aka faɗa a ɗakin kuma a ɗakin yake tsayawa. Mun riƙa zama kusan duk bayan mako uku, daga hantsi zuwa azahar, kuma ba a ofishinmu ba: kowane zama a garin ɗaya daga cikinmu, a kan tabarma, kusa da gona ko rumbun da ake magana a kansa.

Faɗarsa ce mai sauƙi. A ƙasarmu, in ƙarami ya kawo kuka gaban babba, babban ya yi masa tambaya ya yi shiru, ai kamar ya hana shi abinci ne. Shawara kyauta ce da dattijo ke bayarwa, ita ce alamar ya damu da kai. A zaman farko-farko aikina kusan ɗaya ne: in wani ya fara "ni dai a ganina", in ɗaga hannu in ce, "Baba, a mayar da ita tambaya." Sai kuma aka ƙirƙiro dabara, a sa wa shawara hular tambaya: "Ba ka ganin ya kamata ka kai su wurin hakimi?" Wannan ma muka hana. Muka ce tambayar da ka riga ka san amsar da kake so a ba ka, riƙe abarka.

Zaman da ya sa na yarda da hanyar shi ne na wani dattijo, shugaban reshe mafi girma a cikinmu, wanda kowa ke kira Baba Alhaji. Ya ce matsalarsa mutanensa ba su da amana. Tun lokacin shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, in ji shi, wasu suka ɗauka duk bashin noma rabonsu ne na gwamnati. Yana so a taya shi tunanin yadda zai hukunta su. Aka yi ta tambayarsa kan sunaye da yawan buhuna. Can sai ma'ajin wani ƙaramin reshe, saurayi ne da bai kai sa'ar ɗan Baba na uku ba, ya gyara zama ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Ranar da mutum ya yanke shinkafarsa, wa yake fara isowa gonar da kuɗi a hannu?"

Baba Alhaji ya buɗe baki zai amsa, ya fasa. Ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Ɗana, sake faɗi." Yaron ya sake. Sai Hajiya, shugabar matanmu masu gumi, ta ɗora: "Baba Alhaji, masu yanka da masu bugu, bashi suke yi wa mutum aiki ko a ranar ake sallamarsu?" Ya ce a ranar. Ta ce, "To da kuɗin wa?"

Abin da ya rubuta a ranar ba hukunci ba ne. Ya ce zai zaga gonakin waɗanda ba su biya ba, shi kaɗai, ba tare da littafin bashi ba. Da aka dawo, labarin da ya kawo kowa a wurin ya san rabinsa, amma ba wanda ya taɓa haɗa shi wuri ɗaya. Da fetur ya yi tsada a tsakiyar kaka, mutane sun ci bashin kuɗin mai a hannun dillalan shanshera, a kan za su biya da buhu a farashin da dillali ya yanka. Ranar girbi dillali yana bakin gona da motarsa da kuɗin sallamar 'yan ƙwadago. Mu kuwa sai an kwashe, an kai gida, sannan muke aika takardar tunatarwa. Kafin takardarmu ta iso, abin da ya rage a ɗaki na ci ne. Akwai marasa amana a ciki, Baba bai janye wannan ba, kuma yana da gaskiya. Amma yawancinsu layi ne muka zo a ƙarshensa.

Reshen nasa ya gwada abu biyu a kaka ta gaba: ware ɗan kuɗi daga asusu don ba mamba na sallamar masu yanka, da kuma tura ma'aji da buhuna da ma'auni gona a ranar bugu. Biyan ya gyaru, ba duka ba. Wata sabuwar rigima ma ta taso, domin shansherar da aka karɓa a gona tana da danshi, kuma injin casa yana rage farashi ko ya ƙi karɓa in ba ta bushe ba. Wannan ta zama matsalar da ya kawo zama na gaba, kuma ita ta kai su ga neman filin shanya na reshe. Haka abin yake tafiya: ka warware ƙulli ɗaya, ya nuna maka na bayansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba buhunan ba ne. A taronmu na da, yaron nan ba zai taɓa buɗe baki gaban Baba Alhaji ba, in ma ya buɗe ya ce "Baba, kuna zuwa a makare", da an ce ba shi da kunya, maganar ta mutu a nan. Amma tambaya ba ta zubar da girman kowa. Ƙarami yana da damar tambayar babba, hasali ma ladabi ne, kuma babban ne ke faɗin amsar da bakinsa, saboda haka tasa ce. Dokar da na ɗauka za ta fi cin karo da al'adarmu, ita ce ta buɗe wa matasa da mata ƙofar da al'adar ta yarda da ita.

Ba kowa ya amfana ba. Akwai sakataren wani reshe da kullum matsalarsa tsadar taki da halin gwamnati. Gaskiya ne, yuriya da kamfa sun yi tsada, amma in aka ce masa "me za ka yi kafin mu dawo?" sai ya buɗe hannu. Revans yana da tambayoyi uku da suka taimaka mana a nan: wa ya san matsalar, wa ta dama, wa ke da ikon yin wani abu a kai. In babu sunanka a ta ukun, ba matsalarka ka kawo ba, ta wani ka ɗauko. Ya ɗan jima yana zuwa, daga baya ya daina. Wani kuma ya kawo batun tsuntsayen jan-baki da wata cuta da ke ƙona ganyen shinkafa. Wannan ba mu ɓata lokaci a kai ba, muka haɗa shi da malamin gona. Mutum bakwai su zauna suna yi wa juna tambaya kan abin da malamin gona zai amsa a tsaye, wasa da lokaci ne.

Wanda ya fi ba ni tausayi mataimakin shugaba ne a wani reshe. Yana da kaifin tunani, yana komawa gida da niyya mai kyau, amma duk abin da ya rubuta sai shugabansa ya ce a bari tukuna. Daga nan muka sa sharaɗi: kafin a karɓi mutum, sai wanda ke sama da shi ya amince a gaban shaidu cewa zai bar shi ya gwada abin da ya fito da shi, ko da ƙarami ne. Ba ma kuma haɗa mutum da shugabansa na kai tsaye a rukuni ɗaya, domin ba mai cewa "na rasa yadda zan yi" a gaban wanda zai iya sauke shi.

Sai batun kuɗin zama, wanda ba a son faɗa amma kowa yana tunaninsa. An saba in an kira taro akwai ambulan. Mun tsaya a kan kuɗin mai na babur kawai, mai masaukin baƙi kuma ya yi abinci. Mutum biyu suka janye tun daga farko saboda haka. Ban ji haushinsu ba, wuni guda a lokacin ban ruwa ba ƙaramin abu ba ne ga manomi. Shi ya sa ma muka daina zama a makonnin dashe da na girbi gaba ɗaya.

Hajiya kuwa, da nata lokacin ya zo, ta ce 'yan kasuwar Jega da na Birnin Kebbi suna karya farashin shinkafar matanta saboda tsakuwa da karyewa. Ta zo da tunanin sai an saya musu injin cire tsakuwa. Baba Alhaji ne, wanda a lokacin ya fara jin daɗin sabuwar sana'arsa ta tambaya, ya ce, "Hajiya, tsakuwar nan, daga gona take zuwa ko a hannunku take shiga?" Ta ce ba ta taɓa rabewa ba. Ta je ta sa aka wanke buhu ɗaya aka tace kafin a turara, aka shanya rabi a kan tamfol, rabi a ƙasa inda aka saba. Ta kawo mana kwano biyu muka zuba a faranti muna tonawa da yatsa. Ba a daina maganar inji ba, har yanzu suna tara kuɗinsa da adashi, amma tamfol suka fara saya.

Yanzu rukuni na biyu ya fara zama, na ma'ajin rassa da matasan da ke kula da injinan ban ruwa, kuma yawancin abin da suke kawowa kan komawa injin sola ne: wa zai fara, a gonar wa za a kafa, yaya za a raba ruwa tsakanin maƙwabta, wa zai kwana gadi. Ba ni ke jagorantar zaman ba. Ma'ajin nan ne da ya tambayi Baba Alhaji, kuma an ce ya fi ni tsanani wajen ƙwace shawara daga bakin mutane. Abin da muke jayayya a kai a sakatariya shi ne ko a bar mata su yi nasu rukunin daban. Hajiya tana ganin wasu matan ba za su yi magana gaban maza ba ko da an ba su dama, Baba Alhaji kuma yana cewa in aka raba, wa zai riƙa tambayarsa abin da ya shafi kuɗin masu yanka. An ɗage maganar zuwa bayan girbi.