Abin da karatun doka ya koya mana game da daidaiton 'yan ƙasa

Darasin farko da ɗalibin shari'a ke koya shi ne daidaito a gaban doka bai nufin a yi wa kowa abu iri ɗaya. Kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya ce a aya ta 10 duk 'yan Nijar ana haihuwarsu 'yantattu, haƙƙoƙinsu da wajibansu ɗaya. Amma ayar nan ta ba da damar a fifita wasu rukunonin jama'a wajen kujerun zaɓe da ayyukan gwamnati. Kason mata yana cikin irin wannan fifiko. Dokar 2000 ta fara da kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, gyaran 2019 ya kai shi kashi 25, muƙaman naɗi kuma kashi 30.

Inda aikin yake da wuya shi ne al'ada. Kotunanmu na aiki da al'adar masu shari'a a kan aure, saki, gado da gonar da ba ta da rajista, alƙali kuma yana zama da mataimaka masana al'ada. Sharaɗin shi ne kada al'adar ta saɓa wa doka da yarjejeniyoyin da ƙasa ta amince da su. To amma da Nijar ta shiga yarjejeniyar CEDAW, ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan hana nuna wa mata wariya, a 1999, ta ware wasu ayoyi, ciki har da na aure da saki, ta ce ba za su hau kanta ba. Lauyan da ya tsaya gaban alƙali yana karanto waɗannan ayoyin bai shirya ba.

A ɗauki ƙauyukan kudancin Maradi, wajen Madarunfa, inda gona ta yi ƙaranci. Musulunci ya ba ɗiya rabin rabon ɗa, matar mamaci kuma tumuni idan akwai 'ya'ya. Sau da yawa ko wannan ba ya isa hannun mace: 'yan'uwa maza su ce kada a yanka gandu, gamanar da miji ya ba ta kuwa aro ce, ranar da aure ya mutu ta koma hannunsa. A nan maganar daidaito tsakanin mace da namiji ma ba ta taso ba tukuna, rabon da addini ya yanka mata ne aka danne, kuma da shi ya kamata a fara ƙara, don ba dattijon da zai musanta shi a bainar jama'a.

Hanyar ita ce a fara da mai gari ko sarki, wanda ikonsa na sulhu ne, ba na yanke hukunci ba. Ko an sasanta ko ba a sasanta ba, a nemi takarda. Nan ne yawancin ƙararraki ke lalacewa: an yi sulhu da baki, shaidu sun rasu, babu takardar gado, babu ta hukumar filaye da tsarin karkara na 1993 ya tanada. Wata ko takardar haihuwa da za ta danganta ta da mamacin ba ta da ita, sai an fara neman hukuncin kotu da zai maye gurbinta.

Shari'ar Hadijatou Mani, 'yar Nijar da aka sayar a matsayin baiwa, ta nuna wata iyakar. An mayar da bauta laifi a 2003, amma sai da Hadijatou ta kai ga kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, kotun kuma a Oktoba 2008 ta ɗora wa gwamnati alhakin rashin kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025, wannan ƙofa ta rufe ke nan, saboda haka mai irin wannan ƙara yau dole ya shirya hujjojinsa sosai tun daga kotun farko.