Shinkafar suna da ta kashe mini Uwar Garke

Ranar sunan jikata ta fari tukunya uku muka ɗora ta shinkafa, ban da tuwon masara da masa. Gidanmu yana gefen Pitowa ne a arewacin Kamaru, kusa da titin da ya fito daga Garwa ya nufi Marwa, kuma duk wadda ta taɓa yin taro ta san ba a dafa abinci daidai cikin baƙi. Bayan magariba jama'a suka watse, aka bar ni da kwanuka cike da ragowar shinkafa da ƙanzo da gutsattsarin masa. A zafin Afrilu na ƙasar nan abinci ba ya kwana. Sai na ce da a zubar, gara awaki su ma su ci suna. Na juye komai a babban daro na kai musu turke.

Bakwai nake da su a lokacin. Babbar cikinsu ja ce doguwa, muna kiranta Uwar Garke, tana shayar da tagwaye 'yan wata biyu. Ta sa ƙaho ta tunkuɗe sauran, ta kafa kai a daron ba ta ɗago ba sai da ta ci fiye da rabi. Ni kuwa ina tsaye riƙe da ƙugu ina dariya, har ina kiran yara su zo su ga ci.

Da safe ba ta tashi ba. Akuyar da kullum ita ke fara kuka idan ta ji motsin ƙofa, sai ga ta kwance ta sunkuyar da kai, tana cizon haƙora ƙaras-ƙaras. Ba ta tuƙa. Gefen cikinta na hagu ya taso, in na tura da hannu sai in ji ruwa na motsi kamar a salka. Kafin azahar zawo ya ɓarke mata, ruwa-ruwa, mai warin tsami irin na gasarar da ta kwana biyu.

Na aika a kira Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya tsufa a cikin dabbobi. Ya durƙusa ya buɗe bakinta, ya ja fatar wuyanta ya saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba.

"'Yar nan, me kika ba ta jiya?"

Na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kin ɗauke ta mutum ne. A kawo wuƙa tun tana da sauran numfashi."

Na ƙi. Na ce a jira malamin dabbobi. Ya iso a kan babur wajen la'asar, ya ɗura mata ruwan bikarbonat, wani farin gari mai kashe tsami, a hankali, ya yi mata allurai, ya yi wa wasu biyun da su ma suka fara zawo. Biyun nan sun tashi. Uwar Garke kuwa a dare na biyu ta mutu ba kowa a kusa, ta zama mushe. Ba akuya, ba nama, ga marayu biyu. Baffa bai ce mini komai ba, kuma shirun nasa ya fi zagi ciwo.

Bayanin da malamin ya yi mini a bakin turke shi ne ya canza yadda nake kiwo. Cikin akuya ɗaki huɗu ne, babban shi ne tumbi, kuma a cikin tumbin akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa da ganye. Abin da suka narkar shi akuyar ke rayuwa a kai. In aka zuba musu shinkafa ko tuwo ko hatsi da yawa a lokaci guda, sai abin ya yi tsami da sauri, tsamin ya kashe masu narkar da ciyawar, tumbi ya tsaya cak, ya riƙa janyo ruwan jiki zuwa cikinsa. Shi ya sa cikinta ya cika da ruwa alhali jikinta ya bushe. Ya kuma gargaɗe ni kan ɗura. Mu a nan da an ga kumburi sai a jiƙa kanwa, a haɗa da man gyaɗa, a ɗaga kan dabba sama a kwarara mata. Dabbar da ta galabaita ba ta iya haɗiya sosai, ruwan sai ya bi ta huhu, a kashe ta da magani.

Yanzu abin da ke fara shiga bakinsu da safe harawa ce, ta wake ko ta gyaɗa. Ba na sa musu dusa a cikin da babu komai. Kuma rataye harawar nake yi da igiya daidai tsayin kansu, domin akuya ba tunkiya ba ce, ita mai miƙa wuya ce ta tsinki ganye a sama, kuma duk abin da ta taka ko ta yi wa fitsari ta gama da shi ko da yunwa za ta kashe ta. Shekaru na yi ina zuba harawa a ƙasa ina share rabinta da tsintsiya, ina zagin awaki da almubazzaranci, ashe ni ce almubazzarar.

Harawar kuwa da kaka ake sayenta, Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da manoma ke neman kuɗi kuma dami na da arha. Wanda ya jira Maris ya je kasuwar Lahadi ta Pitowa zai ji farashin da zai sa ya dawo hannu rabbana. A kan rumfa nake jibge ta, nesa da ƙasa. Wata shekara ruwan ƙarshe ya shammace ni, ƙasan tarin ya yi baƙi ya yi fumfuna. Zuciyata ta so in ba su haka nan, amma na kwashe na kai juji, domin ruɓaɓɓen abinci yana taɓa hanta, yana kuma iya sa mai ciki ɓari. Karan dawa da na masara cikon ciki ne kawai, ba su da maiƙon harawa. Na muskuwari, wato dawar rani, ya fi daɗi a bakinsu saboda ana girbe shi wajen Fabrairu da sauran ɗanyensa. Baffa har yau yana mitar cewa tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982, ambaliyar Binuwai ta daina shimfiɗuwa a fadamu yadda ta saba, muskuwarin wannan yanki ya ja baya. Ba a raba shi da wannan zance.

Dusa da yamma suke samu, bayan sun cika ciki da ganye. Babbar akuya tafin hannu biyu, mai shayarwa ko wadda ta shiga watanta na huɗu da na biyar in ƙara mata kaɗan, tunda cikin akuya wata biyar ne kuma a ƙarshensa 'ya'yan ke girma sosai. Ina gauraya ta da ɗan turto, wato tunkuzar angurya da ke fitowa daga matatar man kamfanin auduga na SODECOTON a Garwa. Abinci ne mai gina jiki, yana kawo nono, amma ƙanana da ba su fara tuƙa sosai ba ba na ba su, saboda angurya na da wani sinadari da tumbin babba ke iya shanyewa, na ƙarami kuwa bai kai ba. Kuma duk sabon abu, ko turto ne ko sabuwar dusa, da ɗan kaɗan nake farawa, in yi ta ƙarawa har sati biyu. Haka ma ɗanyar ciyawar farkon damina: sai sun ci busasshiya a gida kafin a sake su, in ba haka ba zawo ne.

Wurin da na fi taka-tsantsan shi ne bunsuru da taure, musamman wanda ake turkewa don salla. Mutane na ɗirka musu dusa zalla don su yi ƙiba, sai tsakuwa ta toshe musu mafitsara, ka ga dabba tana nishi tana ɗaga wutsiya, fitsari na ɗiga ɗis-ɗis ko ya ƙi fita sam. Harawa ce ke daidaita dusa, sai kuma ruwa mai yawa. A bazara, da zafi ke wuce digiri 40, sau biyu nake canza musu ruwa, kuma a inuwa nake ajiye bokitin, don ba sa son ruwan da ya yi ɗumi ko ya yi ƙazanta. A kan kanwa ne muke sa-in-sa da maigida. Shi a wurinsa dabba ba ta lafiya sai da kanwa a ruwan sha kullum, haka ya ga ana yi a gidansu. Ni kuwa malamin ya ce mini yawanta na taimaka wa tsakuwar nan a jikin maza. Mun tsaya a kan cewa mata su lasa jefi-jefi, maza gishiri ya ishe su. Na san in na tafi unguwa yana jefa musu a ɓoye.

Kwaɗayin ba su abin marmari bai bar ni ba, ban kuma ga dalilin da zai sa ya bar ni ba. Abin da ya canza shi ne awo. 'Ya'yan gawo su ne kan gaba. Itace ne mai abin mamaki, da damina ya zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, ya zubo da 'ya'ya daidai lokacin da daji ya bushe. Yara na tsinto mini a buhu, kowace akuya ta samu cikin hannu ɗaya. Ganyen magarya da na aduwa, ganyen zogale, ganyen dankali, ɓawon ayaba, ɓawon kankana a yanka ƙanana, duk suna ci lafiya. Lokacin mangwaro ina ba su ɓawon amma ina cire ƙwallon, don yana maƙale wa dabba a wuya. Ɓawon rogo sai ya sha rana kwana biyu zuwa uku ya bushe ƙayau, ɗanyensa na da guba. Gyauron dawa, wannan sabon tohon da ke fitowa a gindin kara bayan girbi, shi ma haka, kuma yana kashewa cikin awa kaɗan. Shingen bini-da-zugu da ke bayan gida na sa an sare ɓangaren da suke kaiwa.

Leda ce ta gagare ni. Tun 2014 gwamnatin Kamaru ta haramta siraran ledoji, amma je ka bakin kasuwa bayan an tashi ka gani. Akuya na jin ƙanshin mai ko gishiri a jikinta sai ta haɗiye, ba ta narkewa, ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa ana cewa tsutsar ciki ce ko sammu. Ranar da mahauci ya ciro dunƙulen leda kamar kan yaro daga cikin tauren maƙwabciyata, na daina sakin nawa su yi yawo a gari. Yaro ke kai su daji ya dawo da su. Riga-kafin annobar awaki kuwa ba na wasa da shi, in masu allura sun zo da maganin da ake yi a LANAVET, cibiyar haɗa magungunan dabbobi ta Garwa, ni ce ta farko a layi.

Marayun nan biyu, namijin bai kai damina ba. Macen na raine ta da nonon wata akuyar da nake riƙe wa ƙafa safe da yamma tana harbi. Bana ta haifi tagwaye, kuma ta gaji uwarta a tunkuɗe 'yan'uwa, don haka nata kwanon daban nake ajiye mata a bayan ɗaki. Watan jiya aka yi sunan jikana na biyu, shinkafa ta sake ragewa. Na shanya ta a kan kwano ta bushe, kaji suka yi sati suna ci. Awaki kuma na ba su ɓawon kankanar da baƙi suka sha, na ƙulle turken da kaina, na ɗaure makullin a bakin zani.