Na je Beljiyam neman mota, na dawo da labarin mai banjo

Jama'a na dawo lafiya, amma har yanzu sanyin ƙasar nan bai gama fita daga jikina ba. Motoci ne suka kai ni, unguwar Heyvaert a Brussels inda dillalai suke, daga nan ake tura su tashar ruwa ta Antwerp su hau jirgi zuwa Kwatano. Tun a filin jirgi wani jami'i ya ringa juya fasfona yana tambayata wai ba a sayar da mota a ƙasarmu ne, ko gaisuwata bai amsa ba, na dai haɗiye don ba faɗa ya kawo ni ba.

Antwerp ce ta ba ni mamaki. Mai masaukina ɗan Damagaram ne, yana haya a saman benen wani tsohon Bature, to ranar nan da daddare sai tsohon ya aiko wai mu sauko mu sha shayi, abin da ban zata ba don mutanen can maƙwabci ma sai ya yi wata bai ce maka sannu ba. Muna shiga na hango wani abin kiɗa rataye a bango, bakinsa zagaye an ɗame shi da fata, ga dogon wuya, tsirkiya biyar, ɗayar gajeriya ce a tsakiyar wuyan ta tsaya. Ya sauko da shi ya ɗan taɓa, wallahi sai na ji kamar gurmi ake kaɗawa a wajen biki. Na ce Baba wannan ai namu ne! Ya yi dariya ya ce ba ka yi ƙarya ba, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka fara haɗa banjo da duma a Karibiyan da Amurka, daga baya Turawa suka karɓe.

Wanda ya sa masa son abin kuwa wani Ba'amurke ne, Derroll Adams, haifaffen Portland a jihar Oregon a 1925. A 1957 ya tsallako Ingila wajen abokinsa Ramblin' Jack Elliott, suka yi ta yawon Turai suna kiɗa a bakin titi da gidajen shaƙatawa, abokin ya koma gida shi ko ya yi zamansa, ƙarshe a Antwerp ya kafa iyali, a nan ya rasu a 2000. Tsohon ya sa mana faifansa, murya ƙasa ƙasa mai kauri, kiɗan a natse babu rawar kai ko nuna gwaninta. Waƙarsa da aka fi sani Portland Town, labarin mutumin da yaƙi ya cinye masa 'ya'ya ne, ni da Turancina bai taka kara ya karya ba sai da jikina ya yi sanyi. Ya ce Donovan, mawaƙin nan na Birtaniya, tun yana saurayi yake bin Derroll yana ɗaukar darasi, har waƙa ya yi da sunansa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne a Amurka ba kowa ya san shi ba, amma a nan tsoho yana maganarsa har idonsa na kawo ruwa. Mu fa, faifan Ɗan Maraya Jos gida nawa ne ke ajiye da shi haka cikin kwali babu ƙura?

Washegari tsohon ya kai mu ramin da aka haƙa ƙarƙashin kogin Scheldt don masu tafiya a ƙafa, matakalar lantarkinsa ta katako ce tun 1933 kuma tana aiki lafiya lau, kyauta ake bi. Shi kaɗai ne kyauta a garin nan, ruwan gora ma in ka juya kuɗinsa zuwa Naira sai ƙishin ya tafi, bayan gida kuwa sai ka biya.

Daga nan Brussels, ciniki da takardu, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Na leƙa Faris wajen wani ɗan uwa, cunkoso ne kawai da tsada, sai jirgin Abuja.