Coppelius, makaɗan Jamus da ke hebi metal ba jita

Duk wanda ya saba da hebi metal, wato kiɗan Turawa mai tsananin ƙara da kaushi, ya san cewa jitar lantarki ce ƙashin bayansa, domin ita ce ke fitar da gurnanin da ke girgiza ƙirjin mai sauraro. Amma a birnin Berlin na ƙasar Jamus akwai wata ƙungiya mai suna Coppelius wadda ta ajiye jita gefe guda, ta ɗauki kayan kiɗan da aka saba ji a zaurukan kiɗan gargajiyar Turai: kilarinet guda biyu, da celo, da kontarabas, sai kuma ganguna.

Celo da kontarabas manyan goge ne da ake kafawa a ƙasa, kuma su ne ke ɗaukar nauyin da jita ta bari. Mai celo yana danna bakansa a kan tsirkiya da ƙarfi, yana ja gajere-gajere cikin sauri, har itacen ya riƙa yin kaushi da gurnani. Ya kamata a faɗi gaskiya, sautin yana bi ta na'urar ƙara murya wadda ke ƙara masa kaushi, saboda haka wutar lantarki ba ta fita daga lamarin ba, jitar kaɗai ta fita. Wannan ɓangaren ma ba sabo ba ne, tun da ƙungiyar Apocalyptica ta ƙasar Finlan ta yi suna a 1996 da kaɗa waƙoƙin Metallica, ƙungiyar hebi metal ta Amurka, da celo huɗu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kilarinet, wani abin busa na baƙin itace mai siririyar murya. Coppelius ta sha kaɗa waƙoƙin Iron Maiden ta Ingila, ƙungiyar da aka sani da jitoci masu tafiya tare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma mabusa biyun nan ne ke raba wannan aikin a tsakaninsu. Mai jita yana iya sakin yatsunsa su yi ta gudu ba tsayawa, amma mai busa dole ya nemi gurbin shaƙar iska, don haka sai karin waƙar ya rarrabu daidai da numfashin ɗan Adam. A ganina wannan takurar ce ta ba kiɗan nasu ɗanɗano, domin kunne yana jin wahalar da mabushin yake sha kafin ya kai ƙarshen layi.

Sun samo sunansu daga wani mugun lauya a cikin labarin marubucin Jamus E.T.A. Hoffmann, suna kuma hawa dandamali cikin dogayen kwat da dogayen huluna irin na ƙarni na 19, fuskokinsu a shafe da farar hoda, har da wani mai shigar baran gidan attajirai. Wannan wasan kwaikwayon bai dame ni sosai ba, ko da yake sun kai har gidan opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, na birnin Gelsenkirchen a Jamus, inda a 2015 suka gabatar da wasan da aka gina a kan wani labarin na Hoffmann. Wanda yake son ya auna su da kunnensa kawai, sai ya fara da faifansu Tumult! na 2009, ya bi muryar kilarinet ɗaya daga farkon waƙa har ƙarshenta.